Yaya Bachir da Ɗanyen Kifinsa

Ana dire mini kwanon na leƙa, na sake leƙawa. Shinkafa mai sanyi, mangwaro, wani koren wake, sai kifi ja jawur a kai wanda ko warin wuta bai taɓa ji ba. Wai poke sunansa, abincin mutanen Hawai.

Yaya Bachir ne ya kai ni wurin, cikin garin Lyon na ƙasar Faransa. Wan ƙawata ne, kuma tun bara duk littafin soyayyar da na buɗe, fuskarsa nake liƙa wa jarumin. Da man ni ko biskit ba na iya ci gabansa don kunya, balle wannan abin da ko magen unguwarmu sai ta yi shawara kafin ta taɓa.

Na sunkuyar da kai ina jira. A littafi, nan ne jarumi ke tausasa murya ya ce, "Idan ba ki ci ba, ni ma na haƙura."

Ya ɗago da koren wake a haƙori.

"Ƙanwata, ba ki ci?"

"Na ƙoshi, Yaya."

"To miƙo, c'est plein de protéines, abincin gina jiki ne zalla."

Ya jawo kwanona ya share tas, yana ba ni labarin damtsensa.

Kafin jirgin metiro ya kai ni unguwarmu Vaulx-en-Velin, soyayyar ta yi sanyi kamar shinkafar nan. Na sayi kebab mai zafi, na ci abina.

'Yan uwa, yanzu fuskar wa zan liƙa wa littafin da ban gama ba?