Masata da Kwaɗon Ramar Hajiya

Akwai wata Asabar ta lokacin zafi a nan garin Greensboro na Amurka da na san ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da na tsufa haƙora sun zube. Ranar ce na wuni a tsaye gaban wuta ina girki, da aka zo ci kuma na kasa kai ko loma ɗaya bakina.

Bari in fara gaya muku gaskiya, ni a Kano ko ruwan shayi ban taɓa dafawa ba. Gidanmu mata sun yi yawa, in na leƙa kicin ma korata ake yi. Sai da na zo karatu, na kama ɗaki a wani ɗan tsohon gida a unguwar Glenwood tare da wasu ɗalibai, sannan yunwa ta koya mini hankali. Na fara da taliya da ƙwai. Daga nan na koma kallon bidiyon girki a waya, in dakatar, in mayar baya, in sake kallo. In abu ya cushe in kira yayata, ta gama yi mini dariya sannan ta gaya mini inda na ɓata. Na ƙona tukwane ba adadi. Ranar da na fara sa daddawa a miya abokan zamana sai da suka buɗe duk tagogin gidan. Amma wallahi tunda na ga tuwona na farko ya tsaya a faranti bai rushe ba, shi ke nan, girki ya shiga jinina. Har a wani ƙaton shago a titin Wendover na ci karo da kaskon ƙarfe mai ramuka, wai na wani fanken Turawa ne. Ina ganinsa na ce wannan ai tanda ce, su ne dai ba su sani ba. Da ita na koyi masa.

Masar ce ta haɗa ni da Anti, wata 'yar Maraɗi da ke aikin kula da tsofaffi. Ta ci wadda na kai masallaci ranar Sallah, ta karɓi lambata. Bayan 'yan makonni sai ga kiranta, muryarta duk a sanyaye. Ta ce mahaifiyarta, Hajiya, ta zo ganin jikoki, ta faɗi a banɗaki, aka yi mata aiki a ƙugu. Aiki ya yi kyau, an dawo gida, amma tsohuwa ta daina cin abinci. Sai ruwa, sai shayi rabin kofi.

“Litinin muke da apointimen na ganin likita,” in ji Anti. “Likita ya ce in ba ta soma ci ba, kwantar da ita za su yi su sa mata roba ta hanci. Ita kuwa ta rantse in aka sa mata robar nan ba za ta yafe mini ba. Shekaranjiya na ji ta ambaci masa. Na gwada, ƙullin bai tashi ba. Ɗana, ko za ka taimaka?”

Ko gama rufe baki ba ta yi ba na ce to. A raina har na fara ganin kaina a matsayin wanda zai ceci ran tsohuwa da ludayi. Yarinta ke nan.

Ranar Juma'a na jiƙa shinkafa, na markaɗa a bilanda, na zuba dafaffiya kaɗan, da yis, da albasa, na rufe na ajiye a wuri mai ɗumi. Asabar ina idar da sallar asuba na shiga kicin. Ƙulli ya tashi har yana ɗaga murfi, yana 'yan ƙananan ƙwai-ƙwai kamar mai numfashi. Na ɗora naman rago, na fere kabewa, na gyara alayyahu, na daka gyaɗa, na kama haɗa miyar taushe. Masa kaɗai aka ce, amma zumuɗi ya sa na ƙara da farfesun kaza, wai ko za ta fi son romo, na kuma dama kunun gyaɗa.

Kicin ɗin nan ƙarami ne, tagarsa ɗaya. Kafin hantsi tururi ya cika shi, rana ta ratso ta cikinsa, komai ya koma ruwan zuma. Ina juya miya sai na ji kamar ba a Glenwood nake ba. Ƙarar bas a titi ta koma mini ƙarar injin markaɗen layinmu. Na riƙa ganin tsakar gidanmu a cikin tururin, da igiyar shanya, da yayata a kan kujera 'yar tsuguno tana fifita wuta. Haka na wuni, rabi a nan rabi a can. In ɗanɗana miya, in ƙara gishiri, in sake ɗanɗanawa. In shafa mai a tanda, in zuba ƙulli, in jira gefe ya yi ja, in juya da cokali. Masa na fitowa fara sol a tsakiya, gefenta kamar an zana da lalle. Ban zauna ba, ban ci komai ba, ina ta ce wa kaina a can zan zauna in more.

Bayan la'asar Anti ta zo da mota, muka loda kuloli muka nufi gidanta a Pleasant Garden, can bayan gari. Muna barin gari hanya ta yi shiru, dogayen itatuwa hagu da dama, gidaje jefi-jefi kowanne a tsakiyar filinsa. A nan na fara jin wani abu. Ƙamshin da ya cika motar, wanda Anti ke ta yabawa, ni ya fara hawa mini kai. Rigata mai, hannuna albasa, har gashina daddawa. Na laluba yunwar da na wuni ina tarawa, na neme ta na rasa. Cikina ya rufe ruf kamar an sa masa kwaɗo an tafi da makulli.

Muka sami Hajiya a ɗakinta, an jingina ta da filo tana kallon taga. 'Yar ƙaramar tsohuwa, ta rame har zoben hannunta na yawo. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni sama da ƙasa.

“Wanga shi ne mai masar? Namiji?”

“Shi ne, Mama,” in ji Anti.

“To madalla. Sai da na tsufa Allah ya ba ni miji mai toya masa. Ina kake tun ina da haƙora, maigida?”

Na ce, “Ina layi, Hajiya, manema sun yi yawa.”

Ta ɗan murmusa. Anti ta yi maza ta jera masa a faranti, ta zuba miya, ta ɗora a tire ta ajiye mata a cinya, kamar yadda suka saba yi mata kullum. Ni kuma na ja baya can bakin ƙofa na rakuɓe, don a tarbiyyarmu yaro ba ya zama ya buɗe baki yana cin abinci a gaban babba. Hajiya ta kalli farantin, ta kalle ni.

“Ina naka?”

“Na ƙoshi, Hajiya.”

“Mi ka ci?”

Na sosa ƙeya. Ta sa yatsa ta ture tiren a hankali.

“Ban cin abincin da mai shi ya ƙi. Ɗauke, ɗiyata.”

Na kalli Anti, na ga idonta ya ciko. Wunina gaba ɗaya, da Litinin, da robar hanci, duk suka taru suka tsaya a kan loma ɗaya tawa. Na matso da sauri, na ce ai wasa nake, na gutsuri masa na dangwali miya. Ina kawowa kusa da baki ƙamshin man nan ya bugi hancina, zuciyata ta tashi. Wallahi na yi ƙoƙari. Na mayar da ita gefen faranti, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai na ji dariya. Hajiya ce, har tana riƙe ƙugu saboda ɗinkin.

“Tun yaushe kake gaban wuta?”

“Tun asuba.”

“Ayyo! Ai hancinka ya riga ya cinye rabonka, maigida. Wa ya aike ka?” Ta juya ga Anti. “Ki ba shi jallabiyar mijinki ya cire wagga riga, ya wanke fuska da hannu. Ni kuma miƙo mini abin dogarawata.”

“Mama, lokotoro ya ce...” in ji Anti, tana nufin likita.

“Lokotoro ya ce in riƙa takawa. Ke ce kika ce in kwanta.”

Da na fito daga wanke fuska na tarar har ta kai ƙofar baya, tana tura ƙarfen dogarawarta taku ɗaya-ɗaya, Anti na biye da ita hannu a buɗe. Ashe a bayan gidan Anti ta yi 'yar gona, kuma a ƙarshenta rama ce ta yi tsayi har ƙirjina. Rama, a Amurka! Aka ajiye wa Hajiya kujerar roba a gefen kunya, ta ce in riƙe kwano. Rana ta yi sanyi, haskenta ya kwanta a kan ciyawa, gyare na ta kuka a cikin itatuwa, iska na kawo ƙamshin ƙasa mai laima. Na ja numfashi na ji kaina na washewa. Tana tsinkar ganye da 'yan yatsunta sirara tana magana, muryarta can ƙasa, kamar ba da ni take ba.

Ta ce a unguwarsu, ranar Sallah ko suna, mace takan wuni a gindin murhu, kuma duk wadda ta yi wannan wuni ba ta iya cin abin da ta dafa. Kowa ya san haka. Shi ya sa da an sauke tukunya sai ka ga kwanoni na tsallaka katanga. Ke ki miƙa wa maƙwabciya tuwonki, ita ta miƙo miki dambunta. Kowacce ta zauna ta ci na 'yar'uwarta.

“Ku yara kuna zaton don lada kaɗai ake miƙa kwano,” in ji ta. “Har da lada. Amma in ba a yi haka ba, masu girki da yunwa za su kwana.” Ta jefa ganye a kwanon. “Nan kuwa ina katangar? Maƙwabci na can bayan daji. A kawo maka tire, a ja ƙofa, kowa ya tafi aiki. Kai ta karɓa, kai ta karɓa, ba mai cin naka.”

Anti na tsaye a bayanmu, duk a kunnenta.

Aka tafasa ramar aka tace. Hajiya ta sa aka buɗe akwatinta aka ɗauko ƙuli-ƙulin da ta zo da shi daga gida, na daka mata. Ta zauna a teburin kicin, ta naɗe hannun riga, ta zuba garin ƙuli, da yaji, da gishiri, da albasa, da ɗan mai, ta cuɗa da hannunta. Ina kallon fuskarta, wallahi kamar ana kunna fitila a hankali. Ta lashi yatsa, ta ƙara yaji.

Muka shimfiɗa tabarma a barandar baya, ita a kujera, mu a ƙasa. Ta tura kwanon kwaɗon gabana, ta jawo farantin masa gabanta.

“Kai ci nawa, ni in ci naka. Bisimilla. Kuma ban son kunya, ba a kunyar mata.”

Na ɗebi kwaɗon na kai baki. Tsamin ramar nan ya ratsa ni tun daga harshe har bayan kunne, yawu ya tsinke, yaji ya biyo baya. Sai na ji cikina ya buɗe, yunwar wuni guda ta taso gaba ɗaya. Na manta da kunya, na manta a gaban wa nake, na dinga kai loma. Sai can na ɗaga kai. Hajiya ta gutsuri masa, ta dangwala a miya, tana taunawa a hankali idonta a lumshe. Ta cinye, ta ɗauki wata.

“Masar ta tashi,” in ji ta. “Amma miyarka ta so ƙarin daddawa. Tsoron Nasara kake ji?”

Anti ta miƙe wai za ta ɗebo ruwa. Ta daɗe a kicin, famfo na ta zuba, ta fito ido jawur tana dariya. Jikoki suka fito suka kewaye mu, kakarsu na yi musu Hausa suna amsawa da Turanci, hannuwa na ta karo a faranti. Har aka kira magariba a wayar Anti muna nan zaune.

Ranar Litinin ba a kwantar da ita ba. Anti ta ce tun daga ranar aka daina kai mata tire ɗaki, aka sa mata kujera a kicin. Ita ke gyara ganye, ita ke ɗanɗana miya, ita ke faɗan gishiri. Ta yi watanni tana tare da su kafin ta koma Maraɗi da ƙafarta.

Ni kuwa har yau girki nake, na ma fi da hauka a kansa, kuma har yau in na wuni a gaban wuta ba na iya cin abin da na dafa. Amma yanzu ba na damuwa. In zuba a kula, in kai wa wani, in karɓi nasa ko da gari da mai ne. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, duk yadda kake son ka kyautata wa mutum, kar ka mayar da shi mai karɓa kullum. Ka bar masa hanyar da shi ma zai ba ka wani abu, in ya ba ka kuma ka zauna a gabansa ka ci.