Muryar Kaka a Cikin Kaset

Shekarar da fari ya koro mu daga ƙauyenmu na Tawa, a sansanin Lazare da ke gefen birni muka sauka, cikin bukkokin zana. Sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba, an hana fita bayan isha. In mun gama cin ɗan abin da aka samu, sai mu kewaye murhun Kaka Tabawa.

Babana ya samu aikin tuƙi, ya zo da rediyo mai kaset. Kaka ta ce kada wanda ya kuskura ya ɗauki muryarta. "Muryar da aka kulle a akwati, mai ita ba ya daɗewa," in ji ta. Ni kuwa Hadiza kunnen ƙashi gare ni. Wata yamma na ɓoye rediyon ƙarƙashin zane kusa da ƙafarta, na danna maɓallin ɗauka.

"Ga ta nan, ku matso," ta ce. Tatsuniyar wata yarinya ce a shekarar yunwa. Dodo ya kwanta a bakin rumbu, waƙa ce kaɗai ke sa shi barci. Yarinya na rerawa, ƙannenta na ɗibar gero. Amma sai ta rera sannu-sannu: in tsoro ya sa ta yi sauri, Dodo zai farka.

Kaka ta fara waƙar ke nan, kamiyon soji, babbar motar nan tasu, ya tsaya a bayan zanarmu. Muka ji takalma, muka ji ana bugun ƙofar maƙwabci. Na kifa kaina a ƙasa, na toshe kunnuwa. Da na ɗago, kamiyon ya tafi da mutumin, Kaka kuma tana kan waƙarta, ba ta ƙara sauri ko kaɗan ba.

Washegari Baba ya sa wa rediyon sabbin pil, wato batura. Na faki ido na kunna. Abin da ya fito ba Kaka ba ce: wata siririyar murya ce mai gudu kamar ta aljana, ga shuuu kamar ana zuba yashi. Na fizge kaset ɗin na tura ƙasan akwatin kayana. Kafin damina Kaka ta kwanta, ba ta tashi ba. Ban gaya wa kowa ba, amma na girma, na yi aure, na tsufa, ina ganin ni na kashe ta.

Bara jikata Nafisa, mai haɗa waƙoƙi a ordinatar, wato kwamfuta, ta tsinci kaset ɗin. Na ce ta ajiye.

"Haba Hajiya, tsohuwa da tsoron kaset? Pil ɗinku ne suka raunana lokacin ɗauka, shi ya sa take gudu."

Ta juye sautin cikin na'urarta, ta rage masa sauri. Murya ta yi kauri, amma shuuu ɗin ya ƙara cika kunne. Sai ta nemi wurin da ba a magana, ta nuna wa na'urar cewa wannan ne dattin. Ta riƙa cirewa kaɗan-kaɗan. Ta ce in aka kwashe gaba ɗaya, muryar za ta koma kamar daga ƙarƙashin ruwa. Ni kuwa ina gefe ina jan tasbaha.

Sai ga Kaka, da tarinta da komai.

Da aka zo wurin kamiyon, Nafisa ta ce, "Tsaya, akwai magana ƙarƙashin injin." Ta danne rugugin, ta maimaita. Kaka ce, ƙasa-ƙasa, bakinta dab da rediyon: "Kai akwatin Hadiza, riƙe waƙar nan da kyau. Mai kunnen ƙashi ta toshe kunne."

Ashe ta gani. Ashe ba ta yi fushi ba.

A da na ɗauka tatsuniyar ta Dodo ce. Yanzu na gane mu take rera wa, don kada kukanmu ya jawo takalman nan zuwa ƙofarmu. Na ce wa Nafisa ta bar ɗan rugugin kamiyon, kada ta share duka. In babu shi, jikokina ba za su san a gaban me tsohuwar nan ta ƙi yin sauri ba.