Dattijo Mai Baro

A ƙofar zauren da ƙungiya ke yaye matasan da suka koyi ɗinki, wani dattijo yana tsaye riƙe da baro. Mai ɗaukar hoton ƙungiyar bai san shi ba, amma ya kasa ɗauke ido daga kansa. Rigarsa ta sha guga, takalminsa ya sha ɗinki. Ya wanke baron tas, sai tabon siminti da ya ƙi fita; ƙila lebura ne da ya haƙura da aikin yau. Ya shimfiɗa bargo a ciki, ga igiya a naɗe.

A zauren kuwa keken ɗinki ɗaya ne tal. Kowa ya dafa shi, a ɗauki hoto don masu ba da tallafi, ya matsa, na baya ya dafa.

Da wata budurwa ta dafa, sai dattijon ya washe baki, ya gyara bargon, ya matso wurin mai hoto.

"Ɗana, sannu da aiki. Na 'yata ke nan ko? Kan keken zan fara ɗaurewa ko ƙafafun?"

Mai hoto ya sunkuyar da kai, yana ta goge gilashin kyamara, alhali ko ƙura babu.