Baba Magini da Jan Bulon da Ya Tsage

Shekara arba'in ke nan, da hantsi ya yi za ka tarar da Baba Magini tsugune gaban tarin jan bulo da 'yar gudumarsa. Ya ɗauki ɗaya, ya ƙwanƙwasa, ya karkata kai. In ƙarar ta fito siririya kamar ta ƙarfe, bulon ya ƙonu, zai jure wuta. In ya ji dum, gefe yake jefa shi, ko da mai bulon zai haɗiye zuciya. Rabin tanderun burodin unguwarmu aikin hannunsa ne.

Bana wata baiwar Allah, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, ta sayar da keken ɗinkinta don ta gina tanderu a bayan gida. Abin da ke hannunta na gini ɗaya ne tak. Yayanta ya dage a sayi bulon siminti, wai ya fi araha.

"Siminti ba ya shiri da wuta," in ji Baba. "Fashewa yake yi, ga yara a gida."

Ya kai ta inda ake rushe wani tsohon gida, ya wuni yana zaɓar mata jan bulo mai sauƙin kuɗi. A kan maganarsa ta biya.

Kafin ya kwaɓa yumɓu, sai ya tura bulo uku cikin garwashi don gwaji, kamar yadda ya saba. Da suka huce ya juya na farko, ya ga tsaga siririya kamar gashi. Na biyu ma haka. Ba wanda ya lura sai shi. Yumɓu zai rufe aibin, tanderun ya yi wata biyar ko shida kafin rufinsa ya rufto. Ya sake ƙwanƙwasawa dab da kunne, ya kasa bambance ƙarar. Nan ya gane kunnen ya gaji.

"Baba, lafiya?" ta tambaya.

"'Yata, bulon nan ba zai yi ba. Ni na zaɓa, kuskuren nawa ne."

Yayan ya tafa hannu. "Ai ga irinta nan. Yanzu da me za ta sayi wani, dattijo?"

Ita dai ta zauna kan tarin bulon. Baba ya kakkaɓe wandonsa ya fita.

Washegari muka gan shi yana turo baro, sawu bayan sawu, cike da bulo baƙi wuluk. Ashe tanderun gidansa ya rushe da hannunsa, wanda iyalinsa suka yi shekara talatin suna gashi a ciki. Da shi ya gina mata nata. Kwana uku yana hura wuta kaɗan-kaɗan, ginin ko gezau.

Daga wannan bai sake karɓar aiki ba.

Baba, kai ne ka faɗi laifinka a ranar da shiru zai rufa maka asiri. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Masu sana'a, in kuna neman abin koyi, ku leƙa bayan gidansa: fili ne da toka. Burodin safe yanzu a wurinta yake saye, kuma har yau ya ƙi yarda ta ba shi kyauta.