Baƙin Mai a Ƙafar Malam Bawa

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin tamarji, ranar da hakim ya kwance ƙafar Malam Bawa ce ta ƙi fita daga raina. Ku da kuka shigo aiki daga baya kuna yawan tambayata abin da ya mayar da ni kudu, wajen Damazin. Ga yadda aka yi.

A shekarun sittin ina wata ƙaramar shafakana, wato ɗakin shan magani, a ƙauyenmu na Jazira, tsakanin Kamlin da mashigar Rufa'a. Tamarji shi ne mai wanke ciwo ya ɗaure. A samansa akwai mataimakin likita, wanda mutane ke kira hakim. Namu ƙauyuka sun yi masa yawa, sai Talata yake leƙo mu. Dokar aiki biyu ce: ba ka sa wa ciwo abin da ba ya cikin kabad, kuma duk abin da ka sa ka rubuta a littafi.

Idan an gama tsinkar auduga, tilas ne a tumɓuke karan a ƙone shi, don kada cutar bana ta kai baɗi. Lokacin ne ƙuna take cika mana ɗaki, lokacin ne kuma man ƙuna yake ƙarewa. A wannan shekarar na rubuta takardar neman magani har na gaji.

Malam Bawa dattijo ne daga ƙasar Sakkwato, shekararsa ta shida a hanyar Makka, yana ƙwadago a gonar wani don ya ƙara gaba. Iska ta juya, wuta ta kama wandonsa, ta cinye masa ƙwauri daga gwiwa zuwa idon sawu. Ba ni da komai sai ruwan gishiri da bandejin da aka wanke sau da yawa. A rana ta huɗu ciwon ya fara ruwa.

Sai ga Inna Hajjo, ungozomar ƙauyen, da kwalba cikin mayafi.

"Ɗana, kilishi za ka yi da bawan Allah, kake ta zuba mashi gishiri?"

Man tumukun suri ne. Tumukun suri dangin laimar kwaɗi ne, yana fitowa a jikin suri bayan ruwan sama, kansa cike da baƙin gari. A Jazira an baje ƙasa don ban-ruwa, suri ya yi wuya, don haka Inna Hajjo takan haye kogi zuwa gabashin Rufa'a ta tsinto. Ta shanya, ta daka, ta dafa cikin man riɗi, ta tace da ƙyalle. Da shi take shafa wa ƙuna, da gyambo, da ƙurajen jarirai. Baƙi ne wuluk.

Na karɓa, na shafa masa kwana biyar. A littafi kuwa kullum na rubuta: an wanke, an ɗaure.

Ranar Talata hakim ya iso da ƙura har gira. Ya kwance bandejin, ya ga ƙafa baƙa ƙirin. Ya duba littafi, bai ga abin da zai baƙanta ta ba sai mutuwar nama.

"Usman, naman nan ya mutu. Gaya masa gobe mota za ta kai shi asibiti. Wataƙila a yanke daga nan." Ya aza gefen hannunsa a ƙasan gwiwa.

Malam Bawa ba ya jin Larabci sai na salla, amma ya ga hannun.

"Mi yac ce, malam tamarji? In yanka na, gaya mashi tare muka taho da ƙafag ga, tare za mu isa."

Na san irin mutanensa. Kafin mota ta zo zai sulale cikin gonaki da buɗaɗɗen ciwo, ga ƙura ga ƙuda, kuma a nan ne ƙafar za ta ruɓe da gaske. Na kuma san abin da ake yi wa tamarjin da ya yi ƙarya a littafi. Shekarata tara a aiki, ana shirin tura ni karatun ƙarin girma.

Duk da haka na ɗauko tasa da ruwan ɗumi, na durƙusa na fara wankewa. Baƙin ya biyo auduga. A ƙarƙashinsa jan nama ne mai tsabta, bakin ciwon har ya fara haɗewa. Na ciro kwalbar daga bayan kabad na ajiye a gabansa.

Hakim ya sunsuna, ya toshe ta. Ya yaga takardar tura shi asibiti da ya riga ya rubuta.

"Man tsohuwa bai dame ni ba," in ji shi. "Da ni ne nan babu magani, ban san abin da zan yi ba. Amma ni sau ɗaya nake zuwa a mako, littafin nan ne idona. Ka rufe min ido, na kusa raba mutum da ƙafarsa."

Ya rubuta rahoto, yadda doka ta ce. Aka soke sunana daga masu tafiya karatu, aka mayar da ni kudu. A tamarji na yi ritaya. Kwalbar ya tafi da ita, ya ce zai nemi a gwada. Ban sake jin labarinta ba.

Har yau ban san ko man ne ya warkar da ciwon ba, ko gishirin, ko ƙarfin jikin dattijon, kuma ba zan ce ku shafa wa kowa ba. Abin da na sani shi ne a aikinmu kabad yakan zama fanko, mutum ya yi dabara. In kun yi, ku rubuta ta da sunanta, ko da za ta ja muku faɗa. Wanda zai zo bayanku abin da ke takarda kawai yake gani.

Malam Bawa ya bar ƙauyen bayan damina, ya nufi gabas yana ɗan ɗingishi. Ban san ko ya isa ba. Da ƙafa biyu dai ya tafi.