Ruwan Lahadi a Gonar Barnaba

Gonar Barnaba Nomau ita ce ta ƙarshe a layin wani ƙaramin kanal da ke tsakanin Kura da Bunkure. Manoman wurin suna kiran irin wannan gona wutsiya, domin sai kowa ya sha ya ƙoshi kafin ruwa ya iso mata. Daga mahaifinsa ya gaje ta, wanda shi ne ya fara karɓar addinin Kirista a zuriyarsu tun kafin a haƙa kanal ɗin.

Barnaba ya haura sittin. Gajere ne, mai sanyin magana, kuma ba ya gaggawar amsa tambaya. Da ƙuruciya ya yi shekara tara yana dako a Sabon Gari, sannan ya dawo gida ya auri Rifkatu. 'Ya'yansu huɗu duk sun watse birane, kullum suna roƙonsa ya bar noma ya je ya huta. Amsarsa ɗaya ce: idan ya tafi, wa zai buɗe majami'a?

Majami'ar ɗaki ɗaya ce ta ƙasa, an rufa ta da kwano. Fasto yakan zo daga Kano sau ɗaya a wata. Sauran ranakun Lahadi Barnaba ne yake sharewa, ya buga tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataya a jikin darbejiya, ya karanta Maganar Allah ga mutum ashirin da 'yan kai. Wasunsu daga ƙauyuka masu nisa suke tahowa a ƙafa. Cikinsu har da Goggo Hawwa, tsohuwar da idonta ya dushe, wadda takan fito tun hantsi bai yi ba tana dogara sanda.

A ranin bara aka shiga gyaran babban kanal, sai aka koma ba da ruwa sau ɗaya a mako. Layinsu Barnaba Asabar ya samu. Saboda haka ya lissafa kwanakinsa, ya yi dashen albasa ranar Alhamis da Juma'a, fangali ashirin, da niyyar ruwan Asabar ya kama su. Sabon dashe ba ya jure ƙishi. Kwana uku ya yi masa yawa, balle mako.

Ranar Juma'a bayan la'asar sai ga Hambali a kan babur. Maƙwabcinsa ne a gona, shi ne kuma mai kula da rabon ruwa a layin.

"Limamin Lahadi, sannu da aiki. Na zo da labarin da ba za ka so ba."

"Faɗi dai, Malam Hambali. Kai ai ba ka taɓa zuwa da mai daɗi ba."

"An ɗage ruwanmu. Sai jibi, daga bakwai zuwa sha ɗaya."

Barnaba ya miƙe daga durƙuso, ya karkaɗe hannu. "Jibi Lahadi ke nan."

"Na sani. Wallahi na yi magana, aka ce daga sama ne. Da zan iya da na ja maka, amma ni ma hannu biyu gare ni, ga shinkafata ta fara murɗewa. 'Yan ƙwadago kuwa duk an riga an kama su." Ya dubi dashen. "Ka yi fashin rana ɗaya mana. Allah ai ya san da albasa."

"Ya sani," in ji Barnaba. "Shi ya sa ban firgita ba."

Hambali ya girgiza kai yana dariya, ya tada babur.

A gida Rifkatu ba ta yi dariya ba. Tana tankaɗen gari ta ji labarin, ta ajiye rariyar.

"Maigida, wannan albasar fa ita ce abincinmu har damina. A mayar da sujadar yamma mana."

"Za a iya, daga mako mai zuwa. Amma na jibi wa zai gaya wa mutanen nesa? Goggo Hawwa ba ta da waya. Ta tako duk wannan tafiya ta tarar da ƙofa a kulle?"

"To ni zan je gonar."

"Da wannan gwiwar taki? Tiyon jan ruwa goma sha biyu ne fa."

"Kai dai kullum kana da amsa."

Ranar Asabar Barnaba ya wuni a gonar yana duban ganyen albasar da ya fara sunkuyawa. Ya tuna ciwon bayan da dashen ya bar masa. Ya tambayi kansa ko taurin kai ne yake kira bangaskiya. Sai ya ga cewa shekara arba'in ke nan yana gaya wa mutane Yesu ya isar musu, a yalwa ko a rashi, amma bai taɓa faɗar haka a ranar da faɗarsa za ta ci masa wani abu ba. Ya zauna a kan kunyar gona ya yi addu'a gajeriya. Bai roƙi a canza ranar ruwa ba. Ya roƙi kada hankalinsa ya tsere gona alhali bakinsa yana majami'a.

Da safiyar Lahadi yana shara ya fara jiyo hayaniyar masu jan ruwa daga can nesa. Ƙarfe takwas ya buga ƙarfen. Rifkatu ta shigo da mayafinta na zumuntar mata, fuska a ɗaure, ta zauna a gaba ba ta dube shi ba. Amma da aka fara waƙa, ita ta ɗauki murya kamar kullum. Goggo Hawwa ta iso ana tsakiyar karatu, ƙafafunta sun yi furu-furu. Barnaba ya dakata har ta zauna ta sha ruwa, sannan ya koma farkon wurin ya sake karantawa saboda ita. Bai gajarta komai ba. A ƙarshe ya sanar cewa har a gama gyaran kanal, sujada ta koma ƙarfe uku.

Sha biyu ta gota kafin su isa gona. An rufe ruwa. Abin da ya rage ɗan ruwan da ya kwanta ne a ƙasan kanal, da laka. Barnaba ya naɗe wando, shi da Rifkatu da maza biyu daga majami'a suka kama ɗiba da bokiti. Hambali ya gama nasa, jiƙe sharkaf, ya tsaya yana kallonsu. Can ya tsallako ya karɓi bokitin hannun Rifkatu.

"Inna, koma inuwa. Mijin nan naki zai kashe mu duka."

Fangali takwas suka samu shayarwa kafin ruwan ya ƙare. Sauran sha biyun ba su kai Laraba ba.

Ranar Alhamis Hambali ya same shi yana tuge busasshen dashen yana tarawa a gefe.

"To, yanzu me ka samu?"

"Takwas."

"Na ce me ka samu, ba me ya rage ba."

Barnaba ya ajiye dashen da ke hannunsa. "Na yi barci lafiya, Malam Hambali. Albasar ta ba ni ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Amma da na zo na ja ruwan nan, da duk lokacin da na tsaya gaban mutanen nan sai na ji kunyar bakina."

Hambali ya tsuke baki, ya dubi fangalin da babu komai. "Akwai ragowar irin kuɓewa a gidana. Ita ba ta da shagwaɓa irin ta albasa."

"Kawo," in ji Barnaba, ya sunkuya ya ci gaba da tugewa.