Shefik Mai Yawan Gaisuwa

Duk unguwar da ke manne da wani tudu na birnin Sarajevo ta shaida babu mai zumunci kamar Shefik maƙerin butocin gahawa. In ya rufe shago ya kama hawa zuwa gida, ba ƙofar da yake tsallakewa. Mutumin da a da sallama ma da ƙyar ake ɓamɓaro ta daga bakinsa.

Gaskiyar magana, da ya ɗan taka tudun sai ƙirjinsa ya ɗaure kamar an ɗora masa uwar maƙera, zafin ya gangara hannun hagu. In ya tsaya sai ya lafa. To, ba zai tsaya a tsakiyar hanya a ce ya tsufa ba, shi ya sa yake tsayawa inda akwai ƙofa.

Maƙwabta kuwa ba a tsaya musu a tafi haka. Ramiz mai burodi ya miƙo taba, tsohuwa Hatija ta fito da gahawa da baklawa, wani irin alkaki nasu, tana ɗigar da man shanu.

"Ci mana, maƙwabci, ko raina ni ka yi?" in ji Hatija.

Ya ci, ya sha, ya busa. Ciwo ya samu masu kiwonsa.

Matarsa Zumreta ce ta harbo jirginsa. "Kai da ba ka taɓa gaishe da uwata da daɗin rai ba, yau kai ne sarkin zumunci? Wuce mu je asibiti."

Likita ta ce jijiyoyin da ke kai wa zuciyarsa jini sun tsuke, in yana hawa sai zuciyar ta nemi ƙarin jini ta rasa. Ta ba shi ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe, ta hana taba da maiƙo, daga baya aka zura 'yar ragar ƙarfe aka buɗe hanyar.

Shefik ya dinga haye tudun a tashi ɗaya, ba ya tsayawa ƙofar kowa, yana jin kansa saurayi. Unguwa ta ɗauki fushi. Ramiz ya daina ɗago kai, Hatija ta ce tunda aka sa masa ƙarfe a zuciya ai dole ta yi tauri. Abin ya yi masa ciwo sosai, don ashe ya saba da mutanen nan.

Yanzu in ya iso ƙofar Ramiz sai ya tsaya, ya dafe ƙirji, ya yi nishi. Ramiz ya kashe tabarsa ya rugo da kujera.

"Zauna, ɗan'uwa, zauna. Ciwon ne ya dawo?"

"Shi ne," in ji Shefik, lafiyarsa ƙalau.